Injin Orlin, Tukunyar Ardis

A garin Brekke, can jihar Dakota ta Arewa a Amurka, duk wanda ya yi makaranta kafin a rufe ta ya ci abinci daga hannun Ardis Tollefson, ya kuma sha faɗanta. Ita ce mai dafa wa 'yan makaranta abinci tun tana da ƙuruciya har kanta ya yi fari. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta kullum jajir saboda ruwan zafi. Ba ta da yawan magana, amma akwai wani kallo da take yi wa faratan mutum wanda kan sa ƙato ya cusa hannu a aljihu. Har yau akwai manoma masu jikoki a garin nan da ba sa iya zaman cin abinci sai sun wanke hannu har gwiwar hannu, don ji suke kamar tana tsaye a bayansu.

'Yar gona ce, ta fari a gidan mai 'ya'ya bakwai. Uwarta ta yi fama da ciwon baya, don haka tun Ardis ba ta kai tsayin murhu ba ake ɗora ta a kan akwatin katako tana juya miya. Ba ta taɓa cewa an cuce ta ba. Girki ta iya, shi take so. Ta auri Orlin Tollefson, direban motar share ƙanƙara ta gunduma, dogon mutum mai fara'a, wanda ba ya sha, ba ya caca, ba ya fashin coci. Suka haifi 'ya ɗaya tilo, Renae. Ba za ka kira Orlin mugu ba. Hali guda ne da shi: duk abin da bai gani a hannun wani ba a wannan lokacin, to a wurinsa ba shi da mai shi. Ta haka almakashin ɗinkin Ardis ya yanka waya, ta haka burushin haƙorinta ya taɓa shiga bakin bindiga. Sai ta yi tsaki ta sayi wani.

A duk faɗin gidan, wuri ɗaya ne Ardis ke kira nata, ɗakin ƙasa. In ka sauka matakala za ka tarar da ƙaramin kicin fes-fes, da murhu, da wurin wanke-wanke, da kantoci jere da kwalaben tumatir da wake da kokwamba mai tsami da take adanawa saboda hunturu. Ita ta yi wa bangon fenti da hannunta. A kanta ta sama kuma, ita kaɗai, tukunyar Gunhild ke zaune.

Gunhild kakar Ardis ce, da wannan tukunya ta tsallako teku daga Norway. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai murfi, mai nauyin da sai da hannu biyu. Sabulu bai taɓa ganin cikinta ba. Ruwan zafi da gishiri ake sa mata, a busar, a shafa mai, shi ya sa cikin ya yi baƙi wuluk, sumul, yana sheƙi. Curin naman da aka ci a zaman makokin rabin matattun Brekke daga cikinta ya fito. Kuma ba gadonta ake yi bayan mutuwa ba. Uwa ce ke miƙa wa 'yarta hannu da hannu, a kan teburin cin abinci, idan 'yar ta sami cikin fari. Haka Gunhild ta yi, haka uwar Ardis ta yi. Ita kuwa Ardis ta jira har ta fara cire rai, don Renae ta yi aure ta tare a birnin Fargo, shekara na bin shekara, shiru. Sai a bazarar nan ta bugo waya tana kuka tana dariya, ta ce, "Mama, ki fara goge tukunyar Kaka." Aka tsayar da magana za a miƙa ta ranar Idin Godiya, bikin da Amurkawa ke taruwa da iyali a ƙarshen Nuwamba. Ardis ba ta taɓa jiran wata rana kamar yadda ta jira wannan ba.

To, Orlin yana cikin mutanen nan da ba sa sayen harsashi a shago, su ke ɗura abinsu. In an harba bindiga kwanson tagulla ya faɗo, sai su tsince, su wanke, su zuba sabon albarushi, su dasa sabon kai, ya koma harsashi. Ya daɗe yana yi a kusurwar gareji da wani tsohon inji mai hannu ɗaya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma bai dami kowa ba. Abin da ya fi ba Ardis kunya shi ne tsintar. Ranar Asabar ka je filin koyon harbi bayan gari, za ka ga dattawa da furfurarsu sun duƙa suna bin ƙasa kamar kaji, kowa da bokitinsa, har ana harara a kan kwanson da wani ya zubar. Orlin kan dawo da aljihunsa cike da su, da ƙasa, da guntun taba na bakin da ba a san ko na waye ba, duk ya juye a cikin injin wankinta. Duk wannan wahala kuwa barewa ɗaya yake harbowa a shekara, wata shekarar ma sai labarinta.

Masu ɗurin harsashin nan suna da ka'idojinsu, kuma suna alfahari da su. Wata rana a wurin gwanjon kayan wani mamaci, Ardis ta ɗaga wata tukunyar ƙarfe mai kyau, sai ta ga hasken rana ta wata huda a gindin tukunyar.

Ta ce, "Wane mahaukaci ne ya huda tukunya mai kyau haka?"

Orlin ya gyara hula, ya ce, "Ba mahaukaci ba ne, mai hankali ne. Dalma ya narka a ciki. Mu haka muke yi, duk tukunyar da ta sha dalma sai an huda ta, don kada ka mutu wata baiwar Allah ta saya ta dafa wa 'ya'yanta guba. Wanki ba ya fitar da ita, ko shekara za ki yi kina dirza."

Ardis ta ajiye tukunyar ta goge hannu a siket. A ranta ta ce ashe dai akwai abu ɗaya na hankali a wannan sana'a tasu.

Komai ya lalace ne da Orlin ya yi ritaya. Yana da wani aboki, Duane Pletan, wanda matarsa ta tattara ta koma wurin 'yar'uwarta tuntuni, ta bar shi da albarushi a ɗakin kwana. Duane ne ya zuga shi ya sayi sabon inji. Ranar da aka kawo shi, kwalaye suka cika falo, Orlin bakinsa har kunne.

Ya ce, "Ke Ardis, zo ki ga ikon Allah. Wancan tsohon, aiki ɗaya yake yi in ka ja hannu. Wannan kuwa ja ɗaya, aiki biyar, sai ki ji harsashi ya faɗo ƙwal a kwano. Abin da nake yi a wata, da yamma ɗaya zan gama."

Ta ce, "Barewar ce ta ƙaru, ko yaƙi aka ce za a yi ban ji ba?"

Duane ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Mutumina, ka ji irin tambayar da ta sa ni zama gwauro."

Ardis ta kalli faratansa, ta ce, "Ba tambaya ce ta sa ka zama gwauro ba, Duane. Sauke ƙafarka daga kan kujerata."

Injin bai shiga kusurwar gareji ba, tsayinsa ya kai na mutum in an ɗora a tebur. Ban da haka, wai garejin ya cika sanyi da raɓa, albarushi ba ya son raɓa, yatsun tsoho kuma ba sa son sanyi. Garejin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki ke nan, yau ya zama kurkuku. Aka fara neman wuri. Aka gwada tsohon ɗakin Renae, Ardis ta ce nan za a sa gadon jariri. Aka gwada baranda, iska ta hana. Kwalayen suka yi mako suna zaune a falo, tana zagaye su da tsintsiya tana cije leɓe. Duk tsawon lokacin ta san inda idonsa yake. Sai ya sauka ɗakin ƙasa wai neman kwalbar tumatir, ta jiyo ƙarar tef ɗin awo yana komawa gidansa.

Da safe suna shan kofi ya ce, "Ɗakin nan naki ba raɓa, ga wuta, ga ruwa. Ke kuma wata uku kacal kike aiki a ciki a shekara."

Ta ce, "A'a."

"Kusurwa ɗaya kawai. Can bayan matakala, inda kika jibge kwalaben da ba komai a ciki."

"Orlin, abinci nake ajiyewa a ɗakin nan."

"A kwalba yake, a rufe. Haba Ardis, sai ka ce bayan gida na ce zan yi a wurin."

Ta yi ta maza har kwana biyar. Amma mutumin da ke zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, yana binki kicin da tsakar gida yana ajiyar zuciya, ya fi ƙarfin haƙurin kowa. Ta ɗauki alli ta sauka, ta ja layi a ƙasa bayan matakala. Ta ce daga nan zuwa bango nasa ne, in ko da kwanso ɗaya ya tsallako za ta watsar da injin a titi. Ya rantse har da ɗaga hannu sama.

Layin bai yi wata ba. Farko wani ƙaramin inji ne ya zo, mai girgiza kwanso ya goge su, yana gurnani wuni guda yana fitar da wata baƙar ƙura da ke sauka a kan murafen kwalabenta. Sai gwangwanayen kofi cike da tagulla suka hau kanta ta ƙasa. Sai ta tarar da tawul ɗinta na goge kwano shimfiɗe, kwanso na shan iska a kai. Kowace safiya ta sauka da tsumma tana goge murafe, tsumman ya fito baƙi. Ɗakin da a da yake ƙamshin kanumfari da ruwan tsami ya koma warin ƙarfe da man bindiga. Ta yi faɗa, ta yi shiru, ta sake yin faɗa. Orlin ya yi kunnen uwar shegu, sai dai ya ce, "Yanzu zan kwashe." Ita kuwa tana haƙuri ne da lissafi ɗaya: a kai Idin Godiya, tukunyar ta fita daga gidan nan lafiya, sannan a yi wadda za a yi.

Shi kuma sabon injin ashe ci ne da shi kamar gara. Kafin ka ce kwabo ya cinye duk kan harsashin da Orlin ya tara. Duane ya ce ai ba sai an saya ba, su narka dalma su zuba nasu. Suka bi shagunan taya na gunduma suna roƙon guntayen dalmar nan da ake maƙalawa a ƙafar mota, suka tara a bokitai, haɗe da datti da baƙin mai da tofin taba. Ardis ta ga bokitan a bayan gida, ta ce ko kusa da ƙofarta kada su zo. Orlin ya ce ai a waje za a yi, a kan murhun gas, cikin tukunyar Duane.

A farkon Nuwamba Renae ta ji jikinta ba daɗi, likita ya ce ta kwanta ta huta. Ardis ta tafi Fargo ta yi mata 'yan kwanaki. Kafin ta fita ta cika firiji da abinci, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kada ka taɓa mini komai a ƙasa." Ya ce, "Me zan taɓa? Ki gaida yarinyar."

Ta dawo ranar Talata da rana, saura mako biyu idi. Gidan a share, kwanuka a wanke, har da furannin shago a kan tebur. Nan da nan jikinta ya ba ta. Tunda suka yi aure Orlin bai taɓa sayen fure ba sai da dalili, kuma dalilin bai taɓa zama mai kyau ba. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta sauka ƙasa.

Tukunyar tana nan a kantarta. Ardis ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa hannu ta sauko da ita. Tun kafin ta buɗe murfin tafin hannunta ya gaya mata, don gefen ya yi kaushi. Ta buɗe. Baƙin nan mai sheƙi, wanda mata uku suka yi shekara fiye da ɗari suna ginawa da mai da haƙuri, babu shi. Cikin ya yi toka-toka, duk sawun burushin waya, an laɓta masa man girki har yana kwanciya a gindi. Ta kai hanci. Warin sabulun wanke kwano ne, a ƙarƙashinsa kuma wani wari kamar na tayar da ta ƙone. Ta karkata ta wajen fitila. A lungun da kunnen tukunyar ya haɗu da jikinta akwai wani ɗan ɗigo mai ƙyalli, bai fi ƙwayar gero ba. Ta sa farce, ya ƙi fita.

Ta juya ta kalli bayan matakala. A ƙarƙashin teburin Orlin an jera wasu curi-curi masu launin toka, an lulluɓe su da buhu amma bai rufe duka ba. Ta ja buhun. Dalma ce, an zuba ta daskare, kowane curi da zanen fure a bayansa. Ta san furen. Na tandarta ne ta gasa kek, wadda take yi wa yaran coci da ita. 

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Orlin. Sauko."

Ya sauko a hankali, yana taka matakala kamar mai tsoron ta karye. Da ya ga tukunyar a buɗe ya yi tsuru-tsuru.

Ya ce, "Bari ki ji yadda aka yi. Ta Duane ce ta tsage, dalmar na zuba a ƙasa, ga wuta na ci. Ba mu da wata. Sau ɗaya ne tak, na rantse. Kuma na wanke ta, sau nawa ma, har da waya. Ai ƙarfe ne, Ardis, ƙarfe ba ya..."

Ta ce, "Ƙarasa mana. Ƙarfe ba ya me?"

Ba ta jira ba, ta ƙara jefa masa wata tambayar.

"Duane ne ya sauko ya ɗauka?"

"Ni ne."

"Da ka gama, wa ya mayar da ita kan kanta, ya shafa mata mai, ya rufe?"

"Ai so nake in gaya miki, ina neman lokacin da ya dace."

Ta ce, "Ran idi zan dafa curin nama a cikinta, kamar yadda aka yi mini. Renae za ta ci, da cikinta. Sannan ta tafi da ita Fargo ta yi ta dafa wa abin da za ta haifa. Da ban gani ba, a ina za ka tsayar da ni? Kafin in zuba naman, ko bayan ta cinye?"

 Ya kalli injinsa, ya kalli ƙasa. Da ya yi ƙarya ma ya ce kafin ta zuba naman, da ta sami abin riƙewa. Amma bai iya ba, don shi kansa bai sani ba, kuma ta ga haka a fuskarsa. Wannan ne ya fi komai tayar mata da zuciya. Ba ƙiyayya ta sa shi ba, yana son Renae kamar ransa. Tsoron faɗan matarsa ne kawai ya fi masa nauyi a kan cikin 'yarsa. Ta kalli mutumin da ta yi shekara arba'in tana wanke wa riga, ta ji kamar ta ɗaga murfin kwanon da aka manta a bayan firiji.

Ta ce, "Ɗauko abin hujinka."

"Ardis, haba. Tukunyar kakarki ce fa. A ajiye ta a matsayin ado, a rubuta a jiki..."

"Rubutu yana gogewa. Ni zan mutu, kai za ka mutu, a yi gwanjon kayanmu, wata baiwar Allah ta saya. Ba kai ka gaya mini ba? Kun ce kuna da ka'ida. Ɗauko."

Ya ɗauko. Ta kifa tukunyar a kan teburinsa da hannunta, kusa da sabon injin, ta riƙe kunnuwan biyu don kada ta motsa. Ya ɗora bakin abin a tsakiyar gindin. Tsohon ƙarfe ne mai kauri, bai ba da kai da wuri ba. Ƙarar ta cika ɗakin, baƙin gari yana zuba a kan yatsunta, ba ta kau da kai ba. Da bakin ya faɗa ciki, Orlin ya ajiye abin ya goge ido da bayan hannu. Ita ko ɗigon hawaye. Ta miƙa masa tandar kek ta ce ita ma.

Washegari ta fara kwashe kwalabenta. Ta wanke kowace ɗaya da ruwan zafi, ta hau da su sama ta jera a ƙarƙashin gado da cikin kabad ɗin kaya, duk inda suka samu. Orlin yana tsaye yana kallo, ya ce, "Ba duka ɗakin nake so ba. Zan mayar da injin gareji, yau ɗin nan."

Ta ce, "Bar shi. Ka nemi wuri, ka samu. Abin da zan sa a bakina ba zai ƙara kwana a nan ba."

Ta ɗauki tsumma ta goge abin da ya rage na layin allin, ta hau sama.

Mutanen gari sun ji, don Duane ba ya iya riƙe magana. A shagon kofi wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai tukunya ce kawai, shago cike yake da su. Duk masu faɗin haka sun ci daga cikinta ranar da aka binne iyayensu. Orlin kuwa ya yi kwana uku bai sauka ƙasa ba. A na huɗu, Ardis tana fere dankali ta ji ƙarar ta taso ta ƙarƙashin ƙafarta, kacak, ƙwal, kacak, ƙwal. Ta ci gaba da fere dankalinta.

Ranar idi Renae ta iso da mijinta, cikinta ya fito, fuskarta ta cika. Ta rungume uwarta, ta sumbaci ubanta a kumatu, ta ce, "Baba, ka rame. Mama ta daina ba ka abinci ne?" Ya yi dariyar yaƙe. Aka ci talotalo, aka ci curin naman da aka dafa a wata sabuwar tukunya ta shago. Renae ta tauna ta ɗan tsaya, ta kalli uwarta, sannan ta ci gaba da ci.

Da aka kwashe kwanuka Ardis ta shiga ciki ta fito da tukunyar da hannu biyu. Ta goge ta tas, ta ɗaura mata ƙyalle a murfi kamar yadda uwarta ta ɗaura. Ta ajiye a gaban 'yarta a kan farin mayafin tebur, ta faɗi abin da aka faɗa mata: daga Gunhild zuwa 'yarta, daga 'yarta zuwa Ardis, daga Ardis zuwa Renae. Renae ta sa hannu a baki, idonta ya kawo ruwa. Ta kwance ƙyallen ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallon farin mayafin ta cikin gindin tukunyar.

Ta ce, "Mama, me ya same ta? Me zan dafa a ciki?"

Ardis ta ce, "Ba abin da za ki dafa. Taki ce dai, na ba ki. Sauran bayanin yana wurin babanki, shi ya san ka'idar."

Ta tattara cokulan da suka rage ta wuce kicin, ta buɗe ruwan zafi. Daga nan tana jiyo kujerar Orlin tana ƙara, yana gyara zama, yana gyara murya, bai fara magana ba tukuna.